Idan aka rufe banki, nawa ne zai dawo hannun mai ajiya?

Mai Hatsi, Sabon Gari

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar banki. Idan kaka ta yi, masu sayen masara da waken soya a Giwa da Soba kan tara kuɗi mai kauri a asusu ɗaya, wani miliyan 15, wani miliyan 20, kuma galibi ba na mutum ɗaya ba ne, akwai na waɗanda suka ba da jari a juya musu. To da zarar an fara raɗe-raɗin cewa wani banki na tangal-tangal, sai hankali ya tashi a kasuwa. Wasu su ce a kwashe a kai gida, wasu su ce a sayi dala, wasu kuma su ce ai gwamnati ba ta barin banki ya mutu. Abin da nake so in sani shi ne: in an rufe banki, wa ke biya, nawa ake biya, kuma yaushe? Mai asusu biyu a banki ɗaya, sau biyu ake biyansa? Kuɗin da ke cikin manhajar waya da na POS fa? Don Allah a ba mu amsa da lissafi, ba lallashi kawai ba.

Malam Akanta, Kongo

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai biya ita ce hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC. An kafa ta a 1988, ta fara aiki a 1989, kuma duk bankin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin karɓar ajiya tilas ne ya shiga ƙarƙashinta. Ba mai ajiya ke biyan kuɗin inshorar ba, bankin ne ke biya duk shekara. Ba ka cike fom, ba ka sa hannu a ko'ina. Da ka buɗe asusu, ka shiga.

Amma biyan yana da iyaka, kuma a nan ne mutane ke tuntuɓe. Tun watan Mayun 2024 iyakar ta koma naira miliyan 5 ga manyan bankunan kasuwanci, bayan ta daɗe a dubu 500. Ga ƙananan bankuna, waɗanda ake kira maikurofainans, miliyan 2 ce (da can dubu 200). Bankunan lamunin gidaje su ma miliyan 2.

Wannan iyaka ta mutum ɗaya ce a banki ɗaya, ba ta kowane asusu ba. Idan kana da asusun ajiya da asusun kasuwanci, har da kuɗin da ka ɗaure na wata shida, dukkansu da sunanka a banki guda, tattara su za a yi wuri ɗaya a biya ka abin da bai wuce miliyan 5 ba. Reshen PZ da reshen Samaru na banki ɗaya, banki ɗaya ne. Asusun dala ma yana cikin lissafin, sai dai iyakar da naira take.

Ga lissafin da ka nema. A ce akwai miliyan 18 a asusunka ranar da aka soke lasisin bankin. Miliyan 5 za ta fito daga NDIC. Ragowar miliyan 13 ba ta mutu ba, amma ta koma bashi a kan bankin da aka rufe. NDIC za ta sayar da gine-ginensa da motocinsa, ta bi waɗanda suka ci bashinsa, abin da ta tattaro ta raba wa masu ajiya gwargwadon abin da kowa ke bi. Masu ajiya ake fara sallama, sannan sauran masu bin bankin bashi, masu hannun jari su ne na ƙarshe. Don ka ga yadda abin ke tafiya a zahiri: an soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yunin 2024. Masu miliyan 5 zuwa ƙasa, da yawansu sun ga alat ba tare da sun taka ko'ina ba, saboda an bi BVN ɗinsu an gano asusunsu na wani banki. Masu sama da haka kuwa sai a Afrilun 2025 aka raba musu kason farko, kwabo 9.2 a kan kowace naira. Wato a kan miliyan 13 ɗinka, abin da zai shigo a wannan kason bai kai miliyan ɗaya da dubu 200 ba, bayan wata goma. Ga mai sayen hatsi, kakar ta riga ta wuce.

Abu ɗaya kuma: idan bankin na binka bashi, sai an cire shi tukuna. Mai miliyan 7 a asusu da rancen miliyan 3 a kansa, miliyan 4 ce tasa. Kuɗin da aka ajiye a matsayin jinginar rance, da ajiyar daraktoci da ma'aikatan bankin kansa, ba sa cikin inshorar.

Hajiya, Samaru

Malam Akanta ya yi bayani mai kyau, Allah Ya saka. Ni zan tsaya ne a kan maganar nan ta "gwamnati ba ta barin banki ya mutu", domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma shi ya sa take da haɗari.

Masu faɗin haka 2009 suke tunawa. A watan Agustan shekarar, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan CBN, an tsige shugabannin bankuna biyar, Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420. Bayan wata biyu aka ƙara wasu, jimillar ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta sayi basussukan bankuna da suka ƙi biyuwa. A 2011 aka miƙa ajiya da rassan Afribank, Bank PHB da Spring Bank ga sababbin bankunan riƙon ƙwarya, Mainstreet, Keystone da Enterprise. Haka aka yi wa Skye Bank a 2018 ya koma Polaris. A duk waɗannan, mai ajiya ya kwana da suna ɗaya a ƙofar bankinsa ya tashi da wani, amma ko kwabo nasa bai yi ciwon kai ba. Masu hannun jari ne suka ji jiki.

Sai dai wannan zaɓi ne da CBN ya yi, ba haƙƙi ba ne da doka ta ba mai ajiya. Tarihin nan yana da ɗaya fuskar. A Janairun 1998 an rufe bankuna 26 a rana ɗaya. Bayan haɗe-haɗen bankuna na zamanin da Soludo ke gwamnan CBN, da aka ce kowa ya kai jarinsa biliyan 25, an soke lasisin waɗanda suka kasa a farkon 2006. Savannah Bank da aka rufe a 2002, shari'a ce ta ɗaure al'amarinsa shekara da shekaru, masu ajiya na jira. A 2023 an soke lasisin ƙananan bankuna 179. Sai ga Heritage a 2024, wanda ba a yi masa bankin riƙon ƙwarya ba. Abin da ke bayyane shi ne, bankin da faɗuwarsa za ta girgiza sauran, ana tallafarsa; wanda ake ganin za a iya rufewa ba tare da ƙasa ta motsa ba, ana rufe shi.

Ya kamata kuma a fahimci dalilin da raɗe-raɗi kaɗai ke iya kayar da banki. Kuɗin da kuka ajiye ba ya kwance a cikin sito yana jiranku. Mafi yawansa an ba da shi rance na shekara ɗaya, uku, biyar, alhali ku kuna da ikon cire naku yau. Abin da CBN ya wajabta shi ne banki ya riƙe aƙalla kashi 30 cikin ɗari a kadarorin da ake iya mayarwa kuɗi nan take. Idan kowa ya taso lokaci guda, ko lafiyayyen banki sai ya shaƙe. Yanzu kuma ba a buƙatar layi a ƙofa. A Amurka, a Maris ɗin 2023, an nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank a yini ɗaya, akasari ta waya da kwamfuta, washegari aka rufe shi. Saƙon murya da ake turawa a WhatsApp ba tare da an tantance ba, ɓarna yake yi, kuma talaka mai ƙaramar ajiya shi ke kwana a layi.

Matsalar banki iri biyu ce. Akwai ƙarancin kuɗin hannu, inda kadarori na nan amma ba za su sayu yau ba; wannan CBN na iya ba da rance a wuce wurin. Akwai kuma inda basussukan da suka lalace suka cinye jarin bankin. Abin da ya faru ke nan a 2009, bayan an zuba rance mai yawa a kasuwar hannun jari da harkar shigo da mai, ga kuma wanda manyan bankin suka ba kansu da na kusa da su. Wannan ba ya warkewa sai da sabon jari. Shi ne ma dalilin da CBN ya ɗaga jarin bankuna a Maris ɗin 2024: biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, da wa'adin 31 ga Maris 2026.

Alamun da suka cancanci a damu da su: a riƙa ce wa masu cire kuɗi mai yawa su dawo gobe, mako bayan mako, tiransifa ta fita daga asusu ta kwana biyu ba ta isa ba, kuma abin ya zama jiki, banki ya fara roƙon a ɗaure masa kuɗi a kan ribar da ta zarce ta kowa, rahoton shekara ya ƙi fitowa. Rashin sabis na yini ɗaya ba ya cikin waɗannan. Mai iya karanta rahoto ya duba abu biyu: ƙarfin jari, wato jarin bankin idan aka auna shi da rancen da ya bayar da sauran kadarorinsa masu haɗari, wanda bai kamata ya gaza kashi 10 ba (kashi 15 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa), da basussukan da suka ƙi biyuwa, waɗanda CBN ba ya son su haura kashi 5 na rancen da bankin ya bayar.

Ɗan Tudun Wada

Alhaji, a kan kuɗin waya. Kada a yi musu kuɗin goro, lasisinsu ba ɗaya ba ne. Moniepoint da Kuda lasisin ƙaramin banki gare su, saboda haka iyakarsu miliyan 2. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel wani rukuni ne na bankunan biyan kuɗi, su ma miliyan 2. OPay da PalmPay kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya ne. Su ba banki ba ne, kuɗin jama'a suna tara shi ne a asusun amana a manyan bankuna, kuma inshorar na bi ta nan ta kai ga kowane mai asusu har miliyan 5. A lura da kyau, wannan kariya ta faɗuwar bankin da ke riƙe da asusun amanar ce. Don haka ɗan kasuwar da cinikin yini ke shigo masa ta POS, ya saba da kwashewa zuwa babban banki kowane dare, ya bar na juyawa kawai.

Waɗanda ba su da kariyar NDIC ko ta sisi: adashe, ƙungiyoyin gama kai, kuɗin kirifto, hannun jari, da duk wani kamfanin da ke cewa kawo dubu 100 ka karɓi dubu 130 ƙarshen wata. MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda suka yi irin wannan alkawari suka rushe da kuɗin jama'a, sun isa darasi. Sunayen duk masu lasisi na shafin CBN da na NDIC. A duba can, kada a dogara da tambarin da aka manna a ƙofa ko a manhaja.

Haka kuma NDIC ba ta biyan wanda 'yan damfara suka yashe wa asusu. Wannan ƙorafi ne da ake kai wa bankin a rubuce, a karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba a ɗaga zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Mai Hatsi, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. To in haka ne, mai miliyan 20 ba gara ya cire ya adana a gida ko ya sayi dala ba? Sannan wasu dattawa a kasuwa na ƙyamar abin da aka ce inshora ne. Bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa, su ma suna ciki?

Malam Akanta, Kongo

Kai kuɗi gida, Alhaji, gudun gara ne a faɗa wa zago. Tun wajen cirewar ma akwai asara. A ƙa'idar CBN, mutum na cire tsabar kuɗi dubu 500 a mako, kamfani miliyan 5. Abin da ya haura ana cajin kashi 3 cikin ɗari ga mutum, kashi 5 ga kamfani. Cire miliyan 15 a mako ɗaya zai ci maka kusan dubu 435 kafin ka fita ƙofa. Daga nan sai ɗaukar buhu a hanyar Giwa ko Birnin Gwari, sai gobara, sai wanda ya gani ya faɗa wa wani. Kuma kowa ya shaida canjin kuɗi: aka sanar a Oktoban 2022, zuwa farkon 2023 mai tsofaffin takardu a ɗaki ya rasa inda zai kai su, sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka je Kotun Ƙoli aka yanke hukunci a Maris. Gaskiya ne a lokacin mai kuɗi a banki ma ya sha wuyar samun tsaba, amma nasa bai taɓa fuskantar barazanar zama takarda ba. Darasin shi ne a riƙe na cefane da sallamar 'yan dako na mako ɗaya ko biyu a hannu, ba jari ba.

Hanyar da ta fi ita ce rabawa. Miliyan 20 a bankuna huɗu daban-daban, kowanne miliyan 5, duk ta shiga inshora. Idan huɗu ta yi yawa, a yi biyu ko uku daga cikin manya, a san cewa abin da ya haura iyaka yana kan ƙarfin bankin ne. A sa ido kan haɗewar bankuna: wanda ke da asusu a Diamond da Access kafin 2019, ya wayi gari a banki ɗaya da iyaka ɗaya.

Maganar jarin mutane da ke cikin asusunka ita ce ta fi damuna. NDIC sunan da ke kan asusu take gani. Ba ruwanta da cewa miliyan 6 ta wane ce, miliyan 4 ta marayun wane ce. Mutum ɗaya, miliyan 5. Ko dai kuɗin kowa ya zauna a asusunsa har ranar sayen kaya, ko a yi wa kasuwancin rajistar kamfani mai zaman kansa a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin a doka kamfani mutum ne daban da mai shi. Ko ma dai wanne, a rubuta abin da kowa ya bayar da shaidu, kamar yadda addini ya umarta.

Dala kuwa maganin wata cuta ce daban, wato faɗuwar darajar naira. Wannan cutar gaskiya ce: daga kusan 460 a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A shekarun nan abin da hauhawar farashi ta ci daga masu ajiya ya fi abin da rufe bankuna ya ci, kuma babu inshorar da ke biyansa. Amma mai sayen masara da naira zai saya, kuma farashin dala na hawa yana sauka. Wanda ya saya a tsada zai iya sayarwa a araha daidai lokacin da yake buƙatar kuɗin.

Hajiya, Samaru

A kan tambayar dattawa. E, Jaiz, TAJBank da Lotus duk suna ƙarƙashin NDIC, iyakarsu ɗaya da ta sauran manyan bankuna. Abin da suke biya ana ware shi a asusu na daban, ba a cakuɗa shi da na bankunan kuɗin ruwa. Hukunci na malamai ne, amma a kai musu tambayar yadda take: mai ajiya bai sayi inshora ba, bai biya ko kwabo ba, hukuma ce ta wajabta wa banki don a mayar wa mutane kuɗinsu. Rashin kuɗin ruwa kuma ba ya hana banki asara idan waɗanda ya saya wa kaya suka ƙi biya, don haka ƙa'idar rabawa ta shafe su su ma.

Kuɗin da ba za a taɓa ba na tsawon lokaci, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato tsarin zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda ofishin kula da basussuka, DMO, ya fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ana shiga da dubu 10. Wannan bashi ne a kan gwamnati, ba a kan bankin da ka saya ta hannunsa ba, saboda haka ko an rufe bankin yana nan da sunanka. Sai dai shekaru yake ɗauka, kuma sayar da shi kafin wa'adi na iya zuwa da ragi. Bai dace da kuɗin kaka ba.

Abin da ya kamata a gyara tun yanzu, tun babu abin da ya faru, shi ne takardu, domin a nan ne biyan mutane ke maƙalewa. Sunan da ke kan asusu ya zama daidai da na BVN da na NIN, harafi da harafi da kuma jeri. A wajenmu wannan matsala ce babba: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko a sa sunan gari a wata takarda a bar shi a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta tsallake shi. A tabbatar akwai asusu na biyu mai rai a wani banki a kan BVN ɗin nan, kuma ba mai ƙaramin mataki ba wanda ba ya iya karɓar miliyoyi. Layin wayar da ke kan BVN ya kasance a hannu. Duk wata uku a karɓi takardar bayanin asusu a adana, domin ranar da aka rufe banki manhajarsa ma rufewa take yi.

Wanda alat bai zo masa ba, zai cike takardar neman biya a shafin NDIC ko ya je ofishinta, akwai na shiyya a Kano, da shaidar asusu kamar littafin cak ko takardar ɗaure kuɗi, katin shaida, BVN da hoto. Kamfani zai haɗa da takardun rajistarsa. Asusun mamaci sai magada sun kawo takardar shaidar rasuwa da ta kotu mai ba su ikon karɓa, shi ya sa ya kamata iyali su san bankunan da maigida ke hulɗa da su. NDIC ba ta karɓar ko sisi kafin ta biya, kuma ba ta tambayar lambar sirri ta kati ko lambar da ake turowa a waya. Duk wanda ya kira ya ce zai hanzarta maka biya in ka karanto masa waɗannan, ka kashe wayar.